Injin busar da tufafi yana juyawa amma ba ya zafi: daga ina za a fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da injin busar da tufafi mai amfani da lantarki, na hannu ne, ɗan Ingila, mun saye shi shekara biyu da suka wuce. Tun farkon damina na lura yana daɗewa kafin kaya su bushe, har sai na kunna shi sau biyu, kuma bayansa yana ɗaukar zafi sosai. Yanzu kuwa gangar tana juyawa lafiya lau, amma iskar sanyi kawai yake hurawa. Mai gyaran da muka kira ya ce wani ɗan fis ne ya ƙone, kuma tunda babu irinsa a kusa, zai haɗe wayoyin biyu kai tsaye don injin ya ci gaba da aiki. Shin in yarda? Kuma akwai abin da zan iya dubawa da kaina?" Daga wata uwargida a Kaduna.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu biyu kike son sani: ko ya dace a tsallake fis ɗin da ya ƙone, da kuma abin da mai gida zai iya bincikawa kafin ya kashe kuɗi. Amsar ta farko ba ta da tsawo: kada ki yarda, ko da na kwana ɗaya ne. Mai yiwuwa ne mai gyaran ya faɗi gaskiya cewa fis ɗin ya ƙone, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Yadda kika jero labarin, wato jinkirin bushewa da farko, sannan zafin bayan injin, sannan ɗaukewar zafi gaba ɗaya, shi ne tsarin da na saba gani a injin da hanyar iskarsa ta toshe. Fis ɗin aikinsa ya yi, kuma abin da ya sa shi ƙonewa yana nan a cikin injin har yanzu.

Yadda zafi ke isa ga kaya

Injin busar da tufafi abu uku yake haɗawa: zafi, iska da juyi. Zafin yana fitowa ne daga koyil, wato murɗaɗɗiyar waya irin wadda ke cikin risho na lantarki, wadda ke yin ja idan wuta ta ratsa ta. Fanka tana jan iska ta bi ta kan wannan koyil, ta shiga ganga, ta kwashi laimar tufafi, ta ratsa ragar da ke tare burbushin zare, sannan ta fita. A yawancin injinan gida mota guda ce, wato na'urar lantarki mai juyi, ke juya gangar da fankar, koyil kuwa hanyar wutarsa daban ce. Wannan ne ya sa ganga ke iya juyawa alhali babu ɗigon zafi.

Hanyar wutar koyil tana kama da gida mai zaure uku, inda baƙo ba ya isa tsakar gida sai kowace ƙofa ta ba shi hanya. Na farko shi ne tamostat mai daidaita zafi, wanda ke katse wuta idan iskar ta kai kimanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyos, ya sake haɗawa idan ta huce, haka yake yi har a gama. Na biyu tamostat ne na iyaka, wanda ke kusa da koyil, ba ya motsawa sai zafin wurin ya wuce kima. Na ukun shi ne fis na zafi, wanda sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa: idan zafi ya kai inda sauran biyun suka kasa tarewa, sai ya yanke, ba kuma ya komawa. Kowanne daga cikin ukun ya yanke, koyil ya daina samun wuta.

To, me ke sa zafi ya wuce kima? Koyil bai san ko iska na wucewa ko ba ta wucewa ba, zafinsa kawai yake bayarwa. Iska ce ke ɗauke zafin ta kai shi cikin kaya. Idan ta ragu, sai zafin ya taru a gidan koyil, bayan injin ya yi zafi kamar yadda kika ji da hannunki, tamostat na iyaka ya riƙa katsewa yana haɗawa, kaya kuma su ƙi bushewa domin laimar ba ta samun mafita. Bayan makonni ana haka sai fis ya yanke. Wanda ya haɗe wayoyinsa ya cire mai gadi na ƙarshe daga injin da ke cike da busasshen zare, wanda yake kama wuta kamar auduga. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma a nan abin da ake sanyawa cikin haɗari gida ne da mutanen da ke kwana a cikinsa.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A watan Nuwamba na 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar a Birtaniya cewa injinan busar da tufafi sama da miliyan 5 masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, suna da lahani, inda tarin zare ke iya taɓa koyil ya kama da wuta. A watan Agusta na 2016 irin wannan injin ya tayar da gobara a wani dogon bene da ke unguwar Shepherd's Bush a Landan, kuma a 2019 aka yi kiranyen waɗanda ba a gyara ba. Tunda naki na hannu ne daga Ingila, ki duba sunansa. Waɗanda aka yi wa gyaran kamfani suna ɗauke da koren tambari a jikin ƙofa ko a baya. Idan naki yana cikin waɗannan sunaye da shekarun, kuma babu tambarin, ni shawarata ita ce a ajiye shi gaba ɗaya.

A fara da wuta

Ko da yake na fi zargin iska a naki, ina fara bincike ne da abin da ba ya buƙatar kwance ko sukuru ɗaya. Ki tabbatar ba a murɗa maɓallin zuwa tsarin iska zalla ba, domin kusan kowane inji yana da shi, kuma mintuna kamar 10 na ƙarshen kowane zagaye da iskar sanyi ake yin su da gangan, don kaya su huce. An sha kirana gyara a kan wannan kaɗai.

Bayan haka sai ƙarfin wutar kanta, wanda a wurinmu babbar magana ce. Injin Ingila an yi shi ne don bolt 230, kuma yana jan wat 2,000 zuwa kusan 2,800. Zafin koyil ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ya fi haka faɗuwa, domin ana ninka bolt ɗin ne da kansa. Idan wutar unguwa ta sauko zuwa 180, koyil zai ba da kusan kashi 61 cikin ɗari na zafinsa, idan kuwa ta kai 160, bai kai rabi ba. Mota za ta ci gaba da juyawa da kyar, sai mai gida ya ɗauka injin ne ya lalace. A auna soket ɗin da mitar awon wuta ta hannu lokacin da injin ke aiki, ba lokacin da yake kashe ba, domin sai an ɗora kaya ake gane ƙarfin jaki. Haka nan ƙaramin janareta ko ƙaramar sitabilaiza ba sa ɗaukar wannan nauyi. A zare filogi a duba: idan ƙafafunsa sun yi baƙi ko robar ta narke, to haɗin ba shi da kyau, kuma dole a sauya filogin da soket ɗin tare. Kada a taɓa jona wannan inji a kan wayar ƙari ta ƙasa, soket na bango mai amfiya 13 shi kaɗai yake buƙata.

Masu injin Amurka matsalarsu daban ce. Can koyil yana cin bolt 240 daga layi biyu, mota kuwa tana cin 120 daga layi ɗaya, don haka idan layi guda ya yanke ganga za ta juya babu zafi. Wanda ya kawo irinsa nan ya jona shi a tiransifoma mai sauke wuta zuwa 110, koyil ɗinsa ko dai ba zai samu komai ba, ko ya samu rabin bolt, wanda rubu'in zafi kawai yake bayarwa.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake kula da shi ba, wato ɗauke wuta a tsakiyar aiki. Idan aka ɗauke wuta, fanka tana tsayawa nan take, amma koyil yana nan da zafinsa, sai zafin ya taru a wuri ɗaya babu iskar da za ta kore shi. Wannan kaɗai yana iya yanke tamostat na iyaka ko fis, musamman a injin da iskarsa ta riga ta yi rauni. Haka abin yake idan ana yawan buɗe ƙofa kafin zagaye ya ƙare. Duk lokacin da aka ɗauke wuta injin na aiki, a buɗe ƙofar, a fitar da kayan a baza su, kada a bar su a dunƙule da zafinsu.

Hanyar iska, daga raga har waje

Nan ne nake so ki fi ba da ƙarfi, kuma duk abin da ke nan za ki iya yin sa da kanki bayan kin zare filogi. Ragar da ke bakin ƙofa ana share ta ne bayan kowane zagaye. Sai dai raga tana iya zama fes a ido amma a toshe, domin ruwan tausasa tufafi da sauran sabulu suna barin wani siririn maiƙo da ke like ƙananan ramukanta. Gwajin mai sauƙi ne: ki zuba mata ruwa. Idan ruwan ya tsaya a kai bai zube ba, iska ma ba ta wucewa. Ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ki bari ta bushe sarai kafin ki mayar. Ki kuma zura hannu cikin ramin da ragar ke zama, za ki yi mamakin abin da zai fito.

Idan injin mai bututu ne, ki ja shi gaba ki dubi tiyon da ke bayansa. Faɗinsa inci 4 ne, wato kusan santimita 10, kuma yana son ya tafi a miƙe, gajere, ba tare da lanƙwasa mai yawa ba. Abin da na fi samu a gidaje shi ne an tura injin ya manne da bango don a samu wuri, tiyon ya matse ya zama kamar an take shi. Sai kuma bakin da ke fita waje. Na taɓa zuwa wani gidan wanki da guga inda fis ya ƙone sau uku a cikin wata biyu, ana ta sauyawa, daga ƙarshe wani ya haɗe wayoyin. Da na kwance bayan injin na tarar zaren da ke kewaye da gidan koyil ya riga ya toye ya yi baƙi, saura ƙiris. Da muka bi bututun zuwa waje sai ga gidan zanzaro ya cinye rabin bakin, an kuma ɗaura ragar sauro a kai don hana ɓera shiga, zare ya taru a jikinta ya zama kamar bargo. Ragar sauro ba ta dace da bakin bututu ba ko kaɗan, murfi mai buɗewa da ƙarfin iska ake sawa. Gwajin da nake yi shi ne in sa hannu a bakin waje injin na aiki, sannan in cire tiyon in sa hannu a bayan injin. Idan iskar bayan injin ta fi ta waje ƙarfi sosai, toshewar tana cikin bututun.

Idan kuwa injin mai tankin ruwa ne, wato wanda ba shi da bututu, to a ƙasansa ta gaba akwai wata ƙaramar ƙofa. A bayanta akwai akwati mai faranta jere, inda tururi ke komawa ruwa. Ana zaro shi a wanke da ruwan famfo kamar sau ɗaya a wata, kuma da yawa daga masu irin wannan inji ba su ma san da ƙofar ba sai ranar da na nuna musu. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da jiƙaƙƙen zare a wurin ta zama taɓo. Irin wannan inji yana kuma buƙatar ɗaki mai shan iska, idan aka kulle shi a ƙaramin sito mai zafi ba ya iya sanyaya tururin.

Yadda ake loda kaya ma yana cikin maganar iska. Kilo 7 ko 8 da aka rubuta a jikin injin nauyin busassun kaya ne, kuma ganga tana son a bar mata sarari don kayan su riƙa faɗowa cikin iska. Da damina an fi cika ta maƙil da barguna da zannuwan gado. Sannan an yi injin ne don kayan da injin wanki ya riga ya matse. Kayan da aka wanke da hannu suna ɗigar ruwa suna ninka masa aiki, ruwan kuma yana jiƙa zaren da ke cikin hanyar iska ya daskare. A matse su sosai, ko a ɗan shanya su su tsane tukuna.

Awo da mita

Idan a gidan akwai mai hannu da sanin lantarki, da mitar awo da sukundireba za a iya tabbatar da abin da ya mutu. A zare filogi daga bango, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. A ɗauki hoton wayoyi da wayar hannu kafin a cire komai, kuma kada a taɓa ƙafafun kafasito, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta kusa da mota, domin yana iya riƙe wuta bayan an kashe. A yawancin injinan Ingila koyil yana bayan wani murfin ƙarfe ne a baya, tamostat da fis suna manne a jikinsa, ƙanana ne kamar maɓallin riga, kowanne da waya biyu. Wasu injinan suna da ɗan jan maɓalli a wurin, wanda idan aka danna aka ji ƙas, zafi yana dawowa. Idan naki haka yake kin huta da sayen kaya, amma binciken iska yana nan, domin maɓallin bai tashi a banza ba.

Ana cire waya ɗaya daga abin da za a auna, don kada mita ta karanta ta wata hanyar. Fis da tamostat masu lafiya, idan suna da sanyi, suna nuna kusan sifili, mita mai ƙara kuma ta yi kuka. Wanda bai nuna komai ba ya yanke. Koyil yana da nasa lissafin: a ninka bolt da kansa, a raba da wat. Koyil mai wat 2,000 a kan bolt 230 zai nuna kusan om 26 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), na Amurka mai wat 5,400 a kan 240 kuma kusan om 11. Da yawa koyil biyu ne a gida ɗaya, kowanne sai a auna shi daban, kuma kowanne zai nuna adadi mafi girma. Idan ɗaya ya tsinke injin yana yin ɗumi amma ba ya kaiwa, wanda shi ma yana jawo jinkirin bushewa. Awo na ƙarshe shi ne tsakanin ƙafar koyil da ƙarfen jikin injin, inda bai kamata mita ta nuna komai ba. Idan ta nuna, wayar ta saki ta taɓa jiki, kuma wannan yana iya jan mutum ko ya riƙa tayar da bireka mai yanke wutar gida, sai an sauya koyil ɗin. A duba kawunan wayoyi ma, domin wanda ya yi sako-sako yana ƙonewa ya yanke wuta alhali koyil lafiyarsa ƙalau.

Injinan zamani masu allon lantarki suna da ɗan na'urar jin zafi a madadin tamostat na farko, wadda adadinta ke sauka idan ta ji ɗumi. Idan aka riƙe ta a hannu adadin bai motsa ba, ta lalace. Idan duk waɗannan sun fita lafiya, zargi ya koma kan rile, wato ɗan makunnin da ke jikin allon mai ba koyil wuta, ko agogon injin, ko makunnin da ke cikin motar wasu injina wanda ke hana koyil kamawa sai mota ta tashi. Waɗannan sai da wuta a jiki ake gwada su, kuma a nan nake cewa mai gida ya tsaya ya bar wa gwani.

Sauya abin da ya mutu

Fis na zafi yana da adadin digiri da na amfiya a rubuce a jikinsa, kuma wanda za a saka dole ya zo daidai da su. Mai digiri sama da na asali ba zai yanke a kan lokaci ba, mai ƙasa kuma zai riƙa yankewa ba dalili. Fis na filogi ko na motar hawa ba ya maye gurbinsa, domin su yawan wuta suke ji, shi kuwa zafi yake ji. A al'adata ina sauya fis da tamostat na kusa da shi tare, saboda tamostat ɗin da ya yi makonni yana katsewa cikin zafi ya riga ya gaji, wani lokaci ma likewarsa ce ta jawo ƙonewar fis. Lambar injin tana jikin takardar da ke bakin ƙofa ko a baya, da ita ake nema. Masu sayar da kayan gyaran lantarki a Sabon Gari ta Kano da kasuwar Alaba ta Legas sukan samu, sabo ko wanda aka cire daga mataccen inji, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na injin. Kafin ya iso, igiyar shanya a baranda ta wadatar.

Ban ga injinki ba, Hajiya, don haka abin da na faɗa a kan toshewar iska hasashe ne da na gina a kan bayaninki, awo ne zai tabbatar. Bayanin nan kuma na injin koyil ne. Akwai masu aiki da kwamfiresa irin ta firji, waɗanda zafinsu ba ya wuce kimanin digiri 50 zuwa 55 ko suna lafiya, kuma gyaransu na mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne. Akwai kuma masu aiki da gas, waɗanda ba na ba kowa shawarar ya kwance su a gida, saboda haɗarin yoyon gas da hayaƙi mai guba.

Idan mai gyaran ya dawo, ki nemi ya buɗe bayan injin a gabanki, ya share zaren da ke kewaye da gidan koyil da fanka, ya auna koyil da tamostat, sannan ya saka fis mai adadi daidai. Bayan an haɗa, a gwada da jiƙaƙƙun tawul uku ko huɗu na kamar minti 15, ana tsaye a wurin: iskar waje ta fito da ƙarfi da ɗumi, bayan injin kada ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, kuma kada a ji ƙauri. Daga nan gaba kada a bar shi yana aiki an fita ko an kwanta barci, kuma tsumman da ya taɓa fetur, kalanzir ko man girki kada ya shiga cikinsa ko da an wanke. Idan kin aiko min da sunan injin da lambar da ke bakin ƙofarsa, zan gaya miki inda fis ɗinsa yake da adadin da za a nema.